Muhammadu Bello, Sarkin Musulmin da ya mai da manoma masu gadin iyaka

An haifi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu a 1781. Yana da shekara 22 aka yi yaƙin Tafkin Kwatto a 1804, inda jama'ar Shehu suka kori rundunar Yunfa Sarkin Gobir. Waɗannan mutane ba sojan albashi ba ne. Malamai ne da almajirai da makiyaya da manoma, kowa da kwarinsa da bakansa. Mu nan Kumasi abin ba baƙo ba ne, ai haka Asafo na mutanen Akan suke: 'yan gari ne, in yaƙi ya taso su fita, in ya lafa kowa ya koma sana'arsa.

Bello na cikin jagororin da suka ci Alƙalawa a 1808, shi ne kuma ya kafa Sakkwato a 1809. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi masa mubaya'a.

To, a nan wahalar take. Mutumin da ya ɗauki makami don ƙin zaluncin wani sarki, wa zai hana shi ɗaga wa na gaba? Malam Abdussalami, wanda ya sha wuya tare da jama'a tun farko, ya yi tawaye daga Kware, aka yaƙe shi har ya rasu a 1818. Ni dai ban taɓa karanta wannan babi hankalina a kwance ba.

Dabarar Bello ita ce ribaɗi. Ya gina garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, ya zaunar da Fulani makiyaya da sauran jama'a, ga masallaci, ga malami, ga gona. Da damina a yi noma, da rani a fita yaƙi, amma sai shugaba ya yi kira. Gaskiya kuma, akwai bayi da yawa cikin mazaunan, su ba wanda ya tambayi ra'ayinsu.

Kundin tsarin mulkin Gana na 1992 ma ya hana kowa kafa runduna sai da dokar majalisa, a 2019 kuma aka haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa.

Bello bai tsaya ga umarni kawai ba, shi kansa ya tare a ribaɗin Wurno. Ya ci yaƙin Gawakuke a 1836, ya rasu a Wurno a 1837, can aka binne shi. Ɗan'uwansa Abubakar Atiku ya gaje shi.