Stover Kulp: Manomin da Ya Yi Shuka a Garkida

A ranar 17 ga Maris, 1923, wasu baƙi biyu daga Amurka, Harold Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujada tare da mutane ƙalilan a gindin wata tsamiya a Garkida, cikin ƙasar Bura. Daga wannan taro Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya ta tsiro, kuma a 2023 muka yi bikin cikarta shekara ɗari. Ya kamata shugabannin yau su san irin mutumin da ya yi wannan shuka.

An haifi Kulp a 1894 a gidan manoma kusa da Pottstown, a jihar Pennsylvania. Ya yi karatu a Kwalejin Juniata, ya yi aikin fasto a ƙasarsu, sannan ya amsa kiran zuwa Afirka. Shi da Helser sun sauka a Legas a ƙarshen 1922. Niyyarsu su zauna a Biu, amma hukumar mulkin mallaka ba ta yarda ba, sai suka sami wuri a Garkida, a bakin kogin Hawul.

Manomi yakan san ƙasa kafin ya zuba mata iri. Haka Kulp ya fara da koyon harshen Bura, ya sa hannu cikin rubuta shi da fassara Maganar Allah a cikinsa, domin mutane su ji bishara da harshen da suka sha a nono. Tare da wa'azi aka buɗe makaranta da wurin shan magani, daga baya aka kafa mazaunin masu cutar kuturta.

Shukar ba ta zo da sauƙi ba. A 1924 matarsa Ruth ta rasu a Garkida bayan haihuwa, jaririn ma bai rayu ba. Wani da ya tattara kayansa ya koma gida, ba kuwa mai ganin laifinsa. Kulp ya ci gaba da aikin. Sai a 1927, shekara huɗu bayan sujadar gindin tsamiya, aka yi wa mutum huɗu na farko baftisma. Wasiƙar Yakubu, sura 5, ta ba masu bi misali da manomi mai jiran ruwan fari da na ƙarshe. Kulp ya yi irin wannan jira, da kabarin matarsa a kusa da shi.

Ya sake aure da Christina Masterton, 'yar ƙasar Scotland, suka tafi Lassa suka fara aiki a cikin Margi. Ita ma ta riga shi barin duniya a 1952.

Abin da ya fi nuna tunanin su Kulp shi ne makarantar Littafi Mai Tsarki da ke Kwarhi, kusa da Mubi, wadda aka raɗa wa sunansa. An tsara ta domin horar da masu bishara waɗanda za su koma ƙauyuka su ci da kansu. Ɗalibi yakan zo da iyalinsa, a ba shi gona, ya koyi noma da garmar shanu kamar yadda yake koyon Nassi. Mai bisharar da ya fito daga nan yana sharar gona tare da jama'arsa, yana jin zafin fari kamar yadda suke ji. Idan ya yi musu maganar haƙuri ko ta zakka, sun san mai faɗin ya riƙe fartanya.

Kulp ya ajiye aiki a 1963 bayan shekara arba'in, ya rasu a Amurka a 1964. Bai ga 1972 ba, shekarar da ekklesiya ta tsaya da ƙafafunta a hannun 'yan ƙasa. Bai ga 2014 ba, lokacin da aka sace 'yan matan Chibok, waɗanda akasarinsu 'ya'yan ekklesiyarmu ne, Boko Haram kuma suka mamaye Kwarhi. An ƙone majami'u, aka warwatsa jama'a, amma inda suka yi gudun hijira, har nan kewayen Abuja, sun ci gaba da taruwa domin sujada. Manzo Bulus ya tuna wa Korintiyawa cewa mai shuka dabam, mai ban ruwa dabam, Allah ne ke sa girma.

Mu da ke hidima a birni muna cikin jarrabawa. A Abuja ana auna fasto da girman gini, da yawan baiko, da yawan motocin da ke harabar majami'a. Wanda aka tura ƙauye yakan ɗauka horo aka yi masa, wani kuma tun bai cika shekara a wuri ba yake neman canji. Da wannan mudu aka auna Kulp a 1926, da an ce ya gaza, domin a lokacin ko mutum ɗaya ba a yi wa baftisma ba.

Bari kowane shugaba ya tambayi kansa: na san ƙasar da aka ba ni kuwa? Zan iya jira shekara huɗu ban ga amfani ba? Wa nake shiryawa ya karɓi gonar bayana? Allah ya ba mu haƙurin manomi, ya same mu da aminci a ranar girbi. Amin.