Virginia Hill

Onie Virginia Hill (26 ga Agusta, 1916 – 24 ga Maris, 1966) 'yar ƙasar Amurka ce da ta yi suna saboda hulɗarta da manyan ƙungiyoyin masu aikata laifi na Chicago da New York, da kuma soyayyarta da Benjamin Siegel, wanda aka fi sani da Bugsy. Ta shafe shekaru tana yi wa waɗannan ƙungiyoyi dakon kuɗi a ɓoye, amma galibin Amurkawa sun fara ganin fuskarta ne a watan Maris na 1951, lokacin da gidajen talabijin suka nuna ta kai tsaye tana ba da shaida a gaban kwamitin majalisar dattawa.

Farkon rayuwa

An haife ta a garin Lipscomb na jihar Alabama, a gida mai 'ya'ya goma. Mahaifinta dillalin dawaki ne. Bayan iyayenta sun rabu ta bi mahaifiyarta zuwa Marietta a jihar Georgia, kuma ba ta yi nisa a karatu ba. Tana 'yar shekara goma sha bakwai ta nufi Chicago, daidai lokacin babban baje kolin duniya na 1933, ta sami aikin kai abinci.

A can ta haɗu da Joseph Epstein, wani mai harkar caca da ke riƙe wa ƙungiyar da Al Capone ya bari lissafin kuɗi. Epstein ya lura cewa tana da ƙwaƙwalwa da riƙon sirri, kuma 'yan sanda ba su cika tsayar da mace mai tsadar sutura ba. Ta haka ta zama mai kai kuɗi da saƙo tsakanin birane. Daga baya ta shiga cikin mutanen Joe Adonis a New York.

Siegel da otal ɗin Flamingo

Hill ta koma Los Angeles da burin shiga fim, abin da bai yi nisa ba, sai dai ta shahara da shirya liyafa da kashe kuɗi ba ji ba gani. Soyayyarta da Siegel ta kasance mai yawan rigima. A lokacin Siegel ya karɓe ginin otal da gidan caca na Flamingo a Las Vegas daga hannun Billy Wilkerson, kuɗin aikin ya haura zuwa kusan dala miliyan 6, yawancinsu na abokan harkarsa. An buɗe otal ɗin a ranar 26 ga Disamba, 1946, ya fara da asara, aka kuma yi ta zargin cewa ana karkatar da wani kaso na kuɗin.

A daren 20 ga Yuni, 1947, aka harbe Siegel ta taga yana zaune a gidan da Hill ke haya a Beverly Hills. Ita kuwa ta riga ta tafi Faris kwanaki kaɗan kafin nan. Ba a gurfanar da kowa kan kisan ba, kuma wannan tafiya tata ta jawo mata zargin da ya bi ta har ƙarshen rayuwarta.

Shaida a talabijin

A 1950 majalisar dattawan Amurka ta kafa kwamitin binciken manyan laifuffuka ƙarƙashin Sanata Estes Kefauver na jihar Tennessee. Kwamitin ya zauna a birane 14. Talabijin sabon abu ne a lokacin, sassan labaransa ƙanana ne idan aka kwatanta da jaridu da rediyo, kuma da rana tashoshin ba su da wani shiri na a zo a gani. Da zaman ya iso New York a watan Maris na 1951, tashar WPIX ta kafa kyamarorinta a ɗakin, sauran tashoshi suka ɗauka daga gare ta. An ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 30 ne suka kalla.

Frank Costello ya ƙi a nuna fuskarsa, sai masu kyamara suka mai da hankali kan hannayensa, wanda hakan ya fi yi masa illa. Hill ba ta ɓuya ba. Ta shigo ranar 15 ga Maris da faffaɗar hula da mayafin gashin dabba, ta amsa tambayoyin lauyan kwamitin, Rudolph Halley, cikin gatse da raha. Ta musanta sanin komai game da harkokin mazan da ta yi hulɗa da su, ta ce dukiyarta kyauta ce daga masoya da kuma abin da ta ci a cacar tseren dawaki. Ba ta tona asirin kowa ba. Da ta fito, 'yan jarida suka yi mata caa, ta kai wa wata 'yar jarida duka.

Zaman ya yi wa wasu rana. Halley ya ci zaɓen shugaban majalisar birnin New York a wannan shekarar, Kefauver ya nemi takarar shugaban ƙasa a 1952, ya kuma zama ɗan takarar mataimaki a 1956. Gidajen talabijin sun gano cewa labari kai tsaye yana tara jama'a. Hill kuwa, hukumar haraji ce ta sa ta gaba.

Ƙarshen rayuwa

Tun a 1950 ta auri Hans Hauser, ɗan Ostiriya mai koyar da wasan zamiya a kan ƙanƙara, suka haifi ɗa ɗaya. Hukumar haraji ta ƙwace gidanta na Spokane, ta yi gwanjon kayanta, sannan a 1954 aka tuhume ta da ƙin biyan haraji. A lokacin ta riga ta koma Turai, inda ta zauna cikin ƙarancin kuɗi. An tsinci gawarta a Koppl, kusa da Salzburg, a ranar 24 ga Maris, 1966, tana da shekara 49. Hukumomin Ostiriya sun ce ta kashe kanta ne da maganin barci, ko da yake wasu marubuta sun yi shakkar hakan.

Dyan Cannon ta fito a matsayinta a wani fim ɗin talabijin na 1974, haka ma Annette Bening a fim ɗin Bugsy na 1991.