Leo Baekeland: Masanin Da Ya Ƙarfafa Roba Da Garin Katako

An haifi Leo Baekeland a birnin Gent na ƙasar Beljiyam ranar 14 ga Nuwamba, 1863. Mahaifinsa mai gyaran takalma ne, mahaifiyarsa kuwa 'yar aikin gida. Da tallafin karatu ya shiga Jami'ar Gent, inda ya sami digirin digirgir a kimiyyar sinadarai yana ɗan shekara 21. A 1889 ya ƙaura zuwa Amurka.

Arzikinsa ya fara ne da takardar wanke hoto mai suna Velox, wadda ya sayar wa George Eastman, mai kamfanin Kodak, a 1899. Da kuɗin ya kafa ɗakin gwaji a gidansa da ke garin Yonkers.

A zamanin, masu ƙera kayan lantarki sun dogara da wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa a Indiya, ga tsada ga ƙaranci. Wajen neman madadinsa ne a 1907 ya dafa sinadaran fenol da fomaldihaid cikin zafi da matsi, ya sami Bakelite, roba ta farko da aka haɗa kacokan daga sinadarai. Shi kansa fenol ɗin daga kwaltar da ke saura bayan an toya kwal ake tace shi.

Sai dai zallar robar tana da saurin tsagewa. Maganin ya fito daga abin da masu yankan katako ke sharewa. Da aka cakuɗa ta da garin katako mai laushi, sai zaren itacen ya riƙe ta, kamar yadda ciyawa ke riƙe ƙasar gini. Ta ƙara juriya, ta rage tsukewa bayan an zuba ta, farashinta kuma ya sauka. Bayan ya kafa kamfanin General Bakelite a 1910, aka riƙa yin akwatin rediyo da tarho da makunnin lantarki da marikin tukwane da ita.

Ya sayar da kamfanin ga Union Carbide a 1939, ya mutu ranar 23 ga Fabrairu, 1944, yana da shekara 80.

Ya bar wa na baya aiki. Bakelite idan ta daskare ba ta sake narkewa, don haka sabunta ta ke da wuya. A yau masu bincike na niƙe tsoffinta suna zubawa cikin sabuwar roba, bisa dabarar da garin katako ya koyar.