Aristofanis na Bizantiya, malamin da ya sa wa karin sautin Girkanci alama

An haifi Aristofanis a Bizantiya, wato Istanbul ta yau, wajajen shekara ta 257 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tun yana yaro ya koma Iskandariyya ta ƙasar Masar neman ilimi, kuma yana da kimanin shekara 60 ya zama shugaban shahararren ɗakin karatun birnin, bayan Eratostenis.

Girkancin wancan zamani harshe ne mai karin sauti. Hawa da saukar murya kan bambanta kalmomi, kamar yadda Bahaushe ke rarrabe kukan jariri da kukar miya. Da harshen ya bazu cikin wasu al'ummomi bayan yaƙe-yaƙen Iskandar Mai Girma, sai baƙinsa suka riƙa ɓata karin, musamman wajen karanta waƙoƙin Homa. Aristofanis ake danganta wa ƙirƙiro alamomi uku da ake ɗorawa kan wasali don nuna inda murya ke hawa ko sauka.

Ya rasu wajajen shekara ta 180 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga baya karin ya ɓace daga bakin Girkawa, amma alamomin suka rayu. Daga gare su ne Faransanci ya aro é, è da ê.