Bubu Hama da gidan tarihi na Yamai

An haifi Bubu Hama wajen shekarar 1906 a Foneko, wani ƙaramin ƙauye na ƙasar Tera. A zamanin nan mutane ba su son lakwal. Turawa ne ke tilasta wa masu gari su ba da yara, iyaye mata kuwa sai kuka, kamar an yi mutuwa. Bubu yana cikin yaran da aka ɗauka. Ya fara karatu a Tera, ya wuce Dori, ya wuce Wagadugu. Daga nan aka tura shi makarantar malamai ta William Ponty, a tsibirin Gore na ƙasar Sanagal. A 1929 ya komo gida. Shi ne ɗan Nijar na farko da ya fito daga wannan makaranta.

Da ya kama koyarwa, sai ya lura da wani abu. Littattafan da ke hannun yara cike suke da labarin sarakunan Faransa. Labarin Gawo, da Gobir, da Zabarma kuwa, ko layi ɗaya babu. Wannan labari yana cikin kan tsofaffi da maroƙa, kuma kowace shekara ana binne wasu daga cikinsu. Don haka in an tashi daga lakwal, sai ya ɗauki alƙalami da takarda ya tafi wurin tsofaffi. Ya zauna a ƙasa, ya yi tambaya, ya rubuta. Bai raina tatsuniya ba, bai raina kirari ba.

Daga baya ya shiga siyasa. Yana cikin manyan jam'iyyar PPN-RDA tare da Jori Hamani. Daga 1958 har 1974 shi ne shugaban majalisar dokoki ta ƙasa. Wani da ya samu wannan kujera da ya aje alƙalami. Shi bai aje ba. Ya rubuta tarihin Zabarmawa da Sonrai, da na Fulani, da na Abzinawa, da na Gobir da Sakkwato. Ya rubuta labarin yarintarsa cikin littafin Kotia-Nima, wanda ya ci babbar lambar yabo. Ya kuma sa aka bi gidajen malamai ana neman tsofaffin takardun Larabci da na ajami, kafin gara da ruwan sama su cinye su. Yau ana adana su a cibiyar bincike ta IRSH a Yamai.

Amma aikin da yara suka fi saninsa da shi, shi ne gidan tarihi. Ya haɗa kai da wani Bature mai suna Pablo Toucet, aka buɗe gidan a Yamai a watan Disamba na 1959, tun ƙasar ba ta samu ƴancin kai ba. Filin ya kai eka 24 ta ma'aunin Faransa. Ba su so ya zama ɗakin da ake kulle kaya, masu takalmi kaɗai ke shiga. Sun so manomi ya shiga, makiyayi ya shiga, yaro ya shiga. Shi ya sa suka gina gidaje irin na kowace ƙabila a fili: ɗakin ƙasa na Bahaushe, bukkar Bafillace, tantin Buzu, rumbun Bazabarme. Suka zaunar da maƙera, da masaƙa, da dukawa, suna aiki a gaban mutane, wanda ya ga abin da yake so ya saya. Suka kawo namun daji, har da zaki da kura da dorina.

Yaron da ya taso daga Damana ko Filinge, ya bi ta Baleyara ya isa Yamai, zai iske abubuwan da ya sani a can. Ga hauya, ga turmi, ga ƙwarya, ga goge irin wanda ake kaɗawa a ƙasar Kurfai. Zai yi mamaki ya ga an sa kayan gidansu cikin gilashi, baƙi daga nesa suna tsayawa suna kallo. Kusa da su kuma ga abin da bai taɓa gani ba: ƙasusuwan manyan dabbobi da aka tono a Gadufawa, cikin ƙasar Agadas. Dabbobin sun rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da inda hamada take a yau duk koguna ne. Akwai wani kada a cikinsu, tsawonsa wajen mita 10. Akwai kuma itacen Tenere, wanda ya daɗe tsaye shi kaɗai cikin rairayi, ayarin gishiri na shaida hanya da shi. Wata babbar mota ta kaɓe shi a 1973, aka ɗauko shi aka gina masa rumfa a gidan.

Mulkin da Bubu Hama yake ciki na jam'iyya ɗaya ne, kuma ba kowa ya ji daɗinsa ba. Ga shi kuma fari ya kashe dabbobi, yunwa ta shiga ƙasa. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka karɓi mulki a ƙarƙashin Seyni Kunce. Aka kama Bubu Hama, tsoho mai shekara kusan 70, aka tsare shi a Agadas. Bayan wasu shekaru aka sake shi. Ya rasu a Yamai a watan Janairu na 1982.

Gidan tarihi bai rufe ba. A 2008 aka sa masa sunan Bubu Hama.