Nana Asma'u 'Yar Shehu: Darasi Kan Wadatar Zuci

A wannan fitowa za mu waiwayi rayuwar uwarmu Nana Asma'u, 'yar Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansu.

An haife ta a Ɗegel a shekarar 1793, ita da tagwaininta Hassan. Sunan mahaifiyarsu Maimuna. Gidan da ta tashi gidan karatu ne da gudun duniya, domin an san Shehu da ƙarancin tufafi, kuma yana tufka igiya don ya ci guminsa. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Jama'a suka bar gidajensu, suka sha yunwa da yaƙi da yawon ƙaura. Tun tana yarinya ta gane da idonta cewa kayan duniya aro ne.

Daga baya Allah ya ba jama'a nasara, Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kafa daula. To, a nan ne jarrabawar take. Ɗan uwanta Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi a 1817. Mijinta Giɗaɗo ɗan Laima shi ne Waziri. Wani ɗan uwan nata, Muhammadu Buhari, shi ke riƙe da Tambuwal, nan yankinmu. Da tarin kaya take so, wa zai hana ta? Amma tarihi bai san ta da wannan ba. Da alƙalami ya san ta.

Ta bar rubuce-rubuce wajen 60 cikin Larabci da Fulatanci da Hausa. A ciki akwai gargaɗi kan ruɗin duniya, akwai kuma waƙar da ta jero mata salihai masu zuhudu, irin su Rabi'atul Adawiyya, don mata su yi koyi da su. Ita ce ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan naɗa jaji, ta ba ta malfa, ita kuma ta jagoranci matan ƙauye zuwa ɗaukar karatu. Sukan zo mata da sadakar hatsi da zuma da man shanu, ita kuwa ta rarraba wa mabukata. Ta rasu a 1864, aka rufe ta kusa da mahaifinta a Hubbare, cikin Sakkwato.

'Yar uwa, duba halinmu yau. Gasar kayan ɗaki, anko duk biki, lefe akwati kan akwati. Wata ta ci bashi, wata adashi uku take zubi, barci ya gagare ta. Gida nawa ne suka rikice don uwargida ta ga abin maƙwabciya ta tasa maigida gaba? Ba a ce ado haramun ne ba, a'a. Amma in abin hannunki bai ishe ki ba, na hannun wata ma ba zai ishe ki ba.

Kafin ki ɗauki ankon gaba, tambayi kanki: bukata ce ko ganin ido? Kuɗin ba su fi amfani a makarantar yara ko wajen marainiyar unguwa ba? Yau shekara fiye da 160 da rasuwar Nana Asma'u, ba mai zancen zannuwanta, amma makarantun mata da yawa sunanta suke ɗauke da shi.

Allah ya azurta mu da wadatar zuci, ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.