Michael Faraday da Jan Ruwan Zinare

An haifi Michael Faraday a kudancin Landan ranar 22 ga Satumba, 1791. Mahaifinsa maƙeri ne mai ƙaramin ƙarfi, saboda haka karatunsa na makaranta bai yi nisa ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗaurin littattafai wajen George Riebau, inda ya shafe shekara bakwai yana karanta abin da yake ɗaurewa. A 1813 masanin sinadarai Humphry Davy ya ɗauke shi mataimaki a cibiyar Royal Institution, kuma a nan ya yi aikin rayuwarsa. Sunansa ya ɗaukaka a 1831, lokacin da ya nuna cewa motsin maganaɗisu kusa da waya yana haifar da lantarki.

Sai dai akwai wani aikin da ya yi da girma ya kama shi, mantuwa tana damunsa. A 1857 ya bayyana yadda ya zuba sinadarin fosfaras cikin ruwan gishirin zinare, ruwan ya rikiɗe ya koma ja. Madubin ƙara girma na zamaninsa bai nuna komai a ciki ba. Amma da ya haska ruwan, ya ga hanyar hasken ta fito fili, sai ya yanke cewa zinaren yana nan a matsayin ɓarɓashi mai tsananin ƙanƙanta, kuma ƙanƙantar ce ta sauya masa launi. Ya rasu ranar 25 ga Agusta, 1867, ba tare da ya ga ɓarɓashin da idonsa ba.

Bincike ya gaskata shi daga baya. Kowane ɓarɓashi curi ne na ƙwayoyin zarra da ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. A 1964 Wagner da Ellis suka nuna cewa ɗigon zinare yana iya zama irin da zaren silikon zai tsiro daga gare shi. Da curin zinare irin na Faraday ake tsirar da wayoyin da suka fi gashi siranta nesa ba kusa ba, kuma a 2001 ayarin Charles Lieber na Jami'ar Harvard ya mayar da su na'urorin gano sinadarai. Jan layin da ke bayyana a yawancin kayan gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa ma wannan zinaren ne. Kwalaben da Faraday ya haɗa suna nan a Royal Institution, launinsu bai gushe ba.